Gumin 'Yar Wamakko

Shagon ɗinki gare ni a Arkilla, kuma da wuya shekara ta zagayo ba a samu wata daga cikin matan da na koya wa aiki ta tattara almakashinta ta je ta buɗe nata ba. Wata ma a layinmu ta kama shago, in na leƙo ƙofa ina hango allonta. Ƙawayena ma'aikatan gwamnati da ke kawo mini ɗinki su ke taya ni jin haushi, har suna cewa sanyin halina ya yi yawa. Dariya kawai nake yi, domin duk wanda ya zauna da ni ya san ba ni da sanyin hali ko kaɗan, magana ba ta kwana a cikina. Abin da ya sa ba na tayar da jijiyar wuya a kan masu tashi, a gidan gwaggona na gan shi, a Unguwar Rogo, tun ina koyon ɗinki ban kama shago ba.

Gwaggo ƙanwar mahaifina ce, ita ta riƙe ni tun ban iya ɗaura zane ba, kuma ko bayan an kai ni gidan miji a Arkilla ban daina yi mata zarya ba. Sana'arta gumi, wato shinkafar da ake jiƙawa da ɓawonta, a turara, a shanya, sannan a kai inji a cashe. A baki abin ba wuya. A aikace kuwa, in ta daɗe a ruwa ta yi tsami, in ta wuce a wuta ta yi baƙi, in rana ta dake ta fiye da kima a wurin shanya ta kakkarye a inji, ka tashi da tsaki maimakon shinkafa. Tsakar gidanmu kullum cike take da manyan tukwanen ƙarfe, da tamfol a shimfiɗe, da matan unguwa masu zuwa aiki da safe su koma bayan la'asar. Har yau in na ji ƙanshin shinkafa tana turara sai in ji kamar na koma gida.

Ban taɓa jin Gwaggo ta ɗaga wa ma'aikaciya murya ba. Tana zaune a kujerarta 'yar tsugunno a bakin ɗaki, da goronta da rediyonta, amma ba abin da ke wuce ta. Ta san wadda ɗanta ya kwana da zazzaɓi, ta san wadda ta fito ba ta karya ba, kuma abin da aka dafa a gidan shi kowa zai ci. Manoman Wamakko da ke kawo mata shinkafa, da iyayensu ta fara hulɗa. Masu sayar da abinci da masu awo a kasuwa kuwa ba sa ma buɗe buhu, tambayarsu ɗaya ce, ko ta gidan Hajiya mai gumi ce.

A cikin matan akwai wadda kowa ke kira 'yar Wamakko, don daga can aure ya kawo ta birni. Siririya ce, ba ta da yawan magana, ga kunya kamar amarya ko bayan ta aurar da ƙannenta. Ta shigo gidan da wankin shinkafa, ta koma shanya, daga baya ta zama ita ce a bakin wuta. Wannan shi ne zuciyar aikin, domin mai tsayawa a wuta ita ke sanin lokacin da ɓawo ya fara tsagewa a sauke. Da gwiwoyin Gwaggo suka fara ba ta wahala, sai ta sakar mata wutar gaba ɗaya. Nakan tsokane ta in ce Gwaggo ta fi sonta a kaina, ita kuma ta ja mayafi ta rufe baki tana murmushi.

Mijinta ɗinkin takalman fata yake yi a kasuwa, idanunsa sun fara rauni, aikin ya ja baya. Babbar 'yarsu kuma ta samu shiga makarantar koyon jinya. Ladan aikin gidan wani, komai kyansa, ba zai ɗauki wannan kaya ba, don haka 'yar Wamakko ta fara tunanin kafa murhunta. Ba laifi ba ne a gidan Gwaggo. Akwai yadda ake yi, an kuma yi wa wasu kafin ita: mai son tashi ta zo ta zauna ta faɗa, ko ta aiko babba ya faɗa mata, Gwaggo ta sa mata albarka, ta ba ta tsohuwar tukunya, domin sabuwa tana sa wa shinkafa warin ƙarfe. Da wannan albarka unguwa ke sanin an rabu lafiya, sai ciniki ya bi ta.

Sai dai waɗanda suka tashi a baya ba su ne ke riƙe da wuta ba. 'Yar Wamakko ta dubi tsohuwar da ta tsaya mata a sunan 'ya'yanta, ta dubi gwiwoyin da ake ɗaure wa tsumma, bakinta ya kasa buɗuwa. Ta ga cewa za ta tafi tsaurin ido ne, aika wani ya faɗa kuma ya fi muni. Sai ta zaɓi hanyar da a ganinta ba za ta ɓata wa kowa rai ba. Ta sayar da tumakinta da kwanonin jerenta na aure, ta sayi sabuwar tukunya, 'yan'uwanta suka kawo mata shinkafar rani daga Wamakko, ta riƙa yin nata gumin ranar Juma'a, ranar da gidan Gwaggo ke hutu. Sauran ranaku tana bakin wutarmu kamar ba abin da ya faru.

Mai injin casa ne ya fasa ƙwai, shi ma ba da nufin sharri ba. Dattijo ne mai surutu, ya shigo gaida Gwaggo wata safiya mata na tsakar aiki, ya ce, "Hajiya, ashe kin buɗe murhu na biyu ba mu sha labari ba? Gumin da anka kawo man ran Jumu'a, ko da ido rufe na san hannun gidanga na."

Ina wurin. Gwaggo ta ce "Uhm," ta tambaye shi lafiyar iyali, ta ba shi goro. 'Yar Wamakko ta ƙarasa aikin ranar kanta a sunkuye, ta wanke abin da za ta wanke, ta yi sai da safe. Washegari ba ta zo ba, jibi ma haka. Gwaggo ba ta aika a kira ta ba, ba ta kuma ambaci sunanta ba, da alheri ko da sharri. In wata ta ɗauko zancen sai ta ƙara muryar rediyo.

Unguwa kuwa ta fassara wannan shiru yadda ta ga dama. Aka ce Hajiya ta yi fushi, aka ce an ci amanarta, aka ce wadda aka ɗauka 'ya ta zama kishiyar sana'a a ɓoye. Matan da ke sayen mudu ɗaya ko biyu na cefane suka riƙa wuce ƙofar 'yar Wamakko kamar ba su san akwai shinkafa a ciki ba. Masu abinci ba wadda ta yarda a ce an ga buhunta ya fito daga can, don kowace tana da ranar da za ta nemi alfarma a gidan Gwaggo. Ni ma na ji haushi, kuma na faɗa da bakina. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ganin Gwaggo ta koma bakin wuta da kanta, tana dafa bango, hayaƙi na sa ta hawaye. Na ce mata ta bar wa wata, ta ce ba wadda hancinta ya nuna tukuna.

Haka aka yi ta tafiya har bazara ta tsananta, hadari ya fara haɗuwa ta gabas da yamma-yamma yana watsewa. Rannan da tsakar rana ina gida a Arkilla ina fama da wuyan wata riga, sai na ji sallama a hankali. 'Yar Wamakko ce, ta sauko daga keke mai ƙafa uku, ta rame har ƙashin wuyanta ya fito. Na shimfiɗa mata tabarma ta zauna a gefe, na kawo ruwa ta ƙi sha. Muka gaisa, muka sake gaisawa, ta tambayi maigida, ta tambayi yara, ta koma ta tambayi maigida. Ni da ba ni da haƙurin kewaye-kewaye na ce, "Ke dai hwaɗi abin da yak kawo ki, rana na yi."

Ta ce, "Malama, gumi na nan jibge cikin ɗakina, ko mudu guda ba a saya ba. Kwanon ɗakin kuwa yoyo shika yi. In ruwa yas sauka ya taɓa shi, ni da tumakina da kwanonina mun tahi ke nan."

Na ce ta kai Wamakko mana. Ta ce can kowane gida da nasa. Na ce to me ya hana ta faɗa wa Gwaggo tun farko, kamar yadda kowa ke yi.

"Da wane ido za ni kallon Inna in ce mata za ni tahiya?" Inna take kiran Gwaggo.

"To yanzu ki je ki ba ta haƙuri."

"Yanzu kuma da wace ƙahwa za ni shiga gidan?"

Na so in yi mata tatas, amma da na dubi hannayenta, duk tabon wutar gidanmu, sai na fasa. Sannan ta faɗi abin da ya kawo ta. Ba roƙo ta zo in yi mata ba, ba kuma ciniki ta zo nema ba. So take in bincika mata a hankali ko Inna ta yi mata baki, domin in har ta yi, to ta san dalilin da ya sa komai ya tsaya, sai ta haƙura ta zubar da sana'ar. Nan tausayinta ya kama ni sosai, haushin ya tafi ya bar ni. Na ce ta sha ruwan nan tukuna, ta ɗauka ta sha.

Bayan la'asar na isa Unguwar Rogo. Mata sun watse, Gwaggo na zaune tana shafa man zafi a gwiwa. Ban yi wata kwana ba, na faɗa mata wadda ta zo da abin da take tsoro.

Ta ɗago ta dube ni. "Baki? Ni in yi wa wagga ɗiya baki? Jiranta nika yi. Ni ta babba, ni za ni bin ta har gida in ce don Allah ki zo ki yi man sallama? Leƙa bayan ɗakina ki gani."

Na leƙa. Wata tsohuwar tukunya ce a kife, an kankare ta tas, an ɗora ta a kan duwatsu don kada ƙasa ta ci ta.

"Tun bara nic cire mata ita," in ji Gwaggo. "Na san za ta tashi. Mai hannu irin nata ba ta tabbata ƙarƙashin wani, kuma bai kamata ba. Ta zo ta buɗe baki kawai, shi na abin da nika jira."

Na ce, "Gwaggo, kina nan kina jira, ita kuwa ko mudu ba ta sayar ba. Ba mai shiga gidanta."

"Wa yah hana su?"

"Ke."

"Ni? Ni da ban ce uffan ba?"

"Ai shi ke nan. Ba ki ce uffan ba, su kuma sunka ji abin da sunka ji."

Ta ɗauko goro za ta kai baki, hannun ya tsaya a hanya. Kaji na ta tsattsagar abin da ya zube a gindin tamfol, ita tana kallonsu. Can ta ce, a hankali, kamar ba da ni take ba, "Ashe ni ina nan ina jiran gaisuwa, ana can ana yanke mata hukunci da sunana." Daga nan ta ce in zo mata gobe da hantsi, kada in makara.

Tun daga lokacin na zauna a tarurrukan horar da masu ƙananan sana'o'i ba sau ɗaya ba, na saurari manyan 'yan kasuwa suna bayanin yadda ake riƙe ma'aikata, na kuma ƙaru da su ƙwarai. Amma wannan abu guda a gida na tsince shi, cewa na ƙasa da kai fuskarka suke karantawa tun kafin ka buɗe baki. In na shiga shago da ɗaurarriyar fuska don gas ya ƙare mini ana tsakar girki, kafin azahar sai in tarar wata ta tsargu tana warware ɗinkin da ba abin da ya same shi. Shi ya sa yanzu in raina a ɓace yake nake faɗa musu dalili tun daga ƙofa, in kuma wata za ta tashi, ni ke fara sanar da masu kawo ɗinki inda ta koma.

Washegari da hantsi na tarar Gwaggo ta yi shirin fita, ta yafa babban mayafinta na zuwa biki, ta ɗauko wata ƙatuwar ƙwarya, ba faifai a kai. Na ce in tsayar mata da keke, ta ce a'a. Na ce to ta kawo in riƙe ƙwaryar, ta ce ita ma tana da hannu. Gidan 'yar Wamakko ba nisa in an bi ta lungun bayanmu, amma Gwaggo ta miƙe ta babban layi, inda famfon unguwa yake da layin mata, da mai kayan miya, da mai ƙosan da ba ta tashi sai rana ta take. Tafiyar mai ciwon gwiwa ce, a taka a huta, kuma duk inda ta huta sai an gaisa.

A unguwarmu ba a ganin babba da ƙwarya a hannu a ƙyale shi. Matan famfo suka fara. "Hajiya, ina zuwa da ƙwarya da kanki? Kawo a aika maki."

"Za ni sayen shinkahwa."

Suka dubi juna. Wata mai ƙarfin hali ta ce, "Ke da gumi cike da gida?"

"Wancan na sayarwa na. Wadda za ni ci, wurin ɗiyata 'yar Wamakko nika sayowa."

Haka ta faɗa wa mai kayan miya, haka ta faɗa wa mai ƙosai, ba ta rage murya ba, ba ta kuma ƙara ko kalma ba. Ni ina biye da ita ina danne dariya, don na gane dalilin da ya sa aka ƙi keke aka kuma bar faifai a gida. Da na waiga sai na ga wasu daga cikin matan famfo sun bar bokitansu a layi suna biyo mu daga nesa, wai su ma hanyarsu ke nan.

Muka yi sallama. 'Yar Wamakko ta fito daga ɗaki da tsintsiya a hannu, tana ganin wadda ke tsaye a tsakar gidanta ta saki tsintsiyar ta durƙushe, ta rufe fuska da gefen zane. Ta fara cewa, "Inna, don Allah..."

Gwaggo ta ce, "Tashi, ba shari'a niz zo ba. Awo niz zo. Hiddo man in gani."

Ta shiga ta jawo buhu, ta kwance bakinsa. Gwaggo ta sa hannu har wuyan hannu ta ɗebo daga ƙasa, ta murza a tafi, ta ɗaga wa rana, ta shinshina, ta jefa ƙwaya ɗaya a baki ta gartsa. Ba ta yi sauri ba, yadda take yi wa kowane buhu haka ta yi wa wannan. Matan da suka biyo mu sun cika zaure, wasu na leƙe ta kafaɗar wasu.

"Wuta ta yi, shanya ta yi," in ji Gwaggo. "Warin sabuwat tukunya ɗai na ag gare shi, shi ma kaɗan. Ki aiko a ɗauki taki bayan ɗakina, ta gaji da jiranki. Auna man."

'Yar Wamakko ta ɗauko mudu ta riƙa cikawa tana juyewa, hawaye na ɗiga a kan hannunta, har ƙwaryar ta kusa cika. Gwaggo ta kwance bakin mayafi za ta biya, ita kuwa ta ja da baya ta ɓoye hannayenta.

"Wallahi Inna ba ni karɓa. Ni in sai maki da shinkahwa?"

"In kinka ba ni kyauta, cewa za a yi tara niz zo karɓa. Ni saye niz zo yi, awa kowa. Miƙo hannunki."

Ta miƙo hannu biyu. Gwaggo ta sa mata kuɗin, ta riƙe hannayen ba ta saki ba, ta ce da muryar da har na zaure suka ji, "Allah shi sa albarka ga murhunki, shi ba ki masu saye da sunka hi nawa." Muka ce amin, na zaure ma suka amsa.

Na sunkuya zan ɗauki ƙwaryar, Gwaggo ta dafe ta da ƙafa. Ta dubi 'yar Wamakko sama da ƙasa, fuska a ɗaure.

"Ina gyarata? Haka nik koya maki, ki sallami mai saye ba gyara?"

'Yar Wamakko ta fashe da dariya cikin kukan, ta cusa hannu biyu a buhu ta ɗebo ta zuba, ta sake ɗebowa ta zuba har shinkafar na gangarowa ƙasa. Ba ta gama share fuska ba mai ƙosai ta ratso ta gefena da roba a hannu, ta ce a auna mata ita ma, kuma irin gyaran Hajiya take so.